Wuyan Mai Waƙa

Kalmar wuya iri biyu ce a Hausa, karin sauti ne ya raba su. Akwai wuya wanda ke ɗauke da kai, akwai kuma wuya ta wahala. Na daɗe ina kawo wannan misali a aji, amma ban taɓa gaya wa ɗalibaina cewa a dare ɗaya na gamu da su duka biyun ba. Labarin da zan bayar ke nan, domin ina ganin mai shirin zama malami zai tsinci wani abu a cikinsa.

A unguwar Yakasai aka haife ni, cikin birnin Kano, ba nisa da Ƙofar Mata. A zauren gidanmu ƙanen mahaifina yake sana'arsa ta ɗinki, Baffa muke ce masa. Da aikin hannu ya fara, wato ɗinkin wuyan manyan riguna, daga baya ya haɗa da keke. Yakan ce a wuya ake gane riga, a wuya kuma ake gane mai ita.

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji, tsofaffin ɗalibai suka shirya liyafar dare a wani otal da ke bayan gari, aka zaɓe ni in rera wata waƙa da na rubuta a kan darajar malami. Katin gayyata da Turanci aka buga shi, an kuma nemi kowa ya zo cikin shiga ta alfarma. Ni a lokacin, shigar alfarma a wurin cin abinci da cokali ba ta wuce kwat. Sai na aro kwat da farar taguwa da laktaye, wato ɗamarar wuya irin ta Turawa, a wurin wani abokina ma'aikacin banki wanda bai kai ni kauri ba.

Bayan sallar magariba na shirya, na biyo ta zaure. Baffa ya ɗago kai ya dube ni, ya ce in matso. Ya nemi ya zura yatsa tsakanin wuyana da taguwar, yatsa ya ƙi shiga.

"Malam ƙarami, waƙa za ka je yi, ko kuwa rataye kanka?"

Na ce, "Baffa, ai haka ake shiga a irin wannan taro."

Ya ce, "Ka taɓa ganin mai algaita ya toshe bakin algaitarsa sannan ya busa? Duk rigar da yatsu biyu ba su shiga wuyanta ba, ba ta mai magana ba ce. Je ka, Allah ya kiyaye."

Baiti ashirin ne waƙar. Ukun farko sun tafi lafiya. Da na zo inda ake ɗaga murya, sai na ji kamar an sa mini igiya. Numfashi ya riƙa yanke mini a tsakiyar ɗango, gumi ya jiƙa taguwar, murya ta koma 'yar siririya. A baiti na shida na tsaya cak, na kai hannu ina kokawa da ƙullin laktaye a gaban manyan baƙi, har maɓalli ya tsinke ya faɗa kan tebur. Na ƙarasa waƙar, amma hankalin jama'a ya riga ya bar ta. Da aka tashi, wani tsohon malaminmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Waƙarka Bahaushiya ce, wuyanka ne ya tafi Ingila."

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Maƙogwaro yakan hau ya sauka gwargwadon tashin murya da faɗuwarta, wuya kuma yakan ƙara kauri idan mutum ya ɗaga sauti. Duk abin da ya matse shi, ya matse waƙar. Laktaye kansa ba shi da laifi. Asalinsa ƙyalle ne da sojojin Kuroshiya suke ɗaurawa a wuya, Faransawa suka gani a wurinsu a zamanin yaƙin shekara talatin na Turai, daga 1618 zuwa 1648, suka mai da shi ado. Irin wanda ake ɗaurawa a yau, wani tela ne a birnin New York mai suna Jesse Langsdorf ya fito da yadda ake yanka shi a karkace cikin shekarun 1920. Mawaƙan Turai suna rera waƙa da ɗamarar wuya a tarukan dare, amma taguwar da aka auna da wuyansu suke sawa. Tawa ta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Bayan shekara guda aka sake gayyata ta, wannan karon liyafar auren wani ɗan'uwa. Sai na ce tunda kayan Turawa sun kunyata ni, bari in koma gida gaba ɗaya. Na gaya wa Baffa ina so ya samo mini rawani da alkyabba. Na zaci zai yi murna, sai na ga ya ajiye allura ya tsuke fuska fiye da farko.

"Wa ya naɗa ka?"

Na yi shiru. Ya ce rawani a Kano magana yake yi. Mai kunne biyu na Sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, alkyabba ta masu sarauta ce da manyan malamai. Makaɗin fada irin Sarkin Kotso, in ka gan shi da rawani, naɗa shi aka yi. Hirami a kafaɗa kuma an fi sanin malamai da alhazai da shi. Ya ƙara da cewa ko da an yarje mini, rawani ta ƙarƙashin haɓa yake zagayowa, amawali kuma baki yake rufewa, shi ya sa ya dace da Sarki wanda wasu ke ɗaga murya a madadinsa. In kuwa ɗan Kura na naɗa, kafin in kai rabin waƙa gumi ya sa baba ya rine mini wuya da riga.

Cikin mako biyu ya ɗinka mini 'yar ciki mai yalwar wuya, da farar babbar riga mai aska biyu. Ya ce aska takwas ta yi mini nauyi, a jiki da kuma a matsayi. Da na tambaye shi abin da zan rataya, sai ya nuna aikin zaren da ya zagaye wuyan rigar ya gangaro ƙirji, ya ce, "Ga adon wuyanka nan, mutanen da sun riga sun ɗinke shi a jikin riga don kada ya dame ka." A daren nan na kai ƙarshen waƙata ban ko tuna ina da wuya ba. Daga baya da na lura da hotunan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, na ga riga da hula ne yawancin shigarsa, wuya a sake.

Ma'auni uku na koya daga zauren nan. Na farko, abin wuya ya bar murya ta fita. Na biyu, ya faɗi gaskiya a kan matsayin mai shi. Na uku, kada ya janye ido da kunnen jama'a daga abin da suka zo saurare. Wannan ya shafi mata ma. Sarƙa mai kaɗawa takan bugi 'yar na'urar maganar da ake maƙalawa a wuyan riga, lasifika ta kwashi ƙarar, mayafin da ke zamewa kuma yakan raba hankalin mai rerawa biyu. Wanda ya ga kwat ce ta dace da taronsa, ya sa abinsa, amma ya gwada waƙar tun daga farko har ƙarshe cikin kayan kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku da za ku zama malamai, watarana ku ne za ku tsayar da yaro a gaban iyaye da manyan baƙi, ya rera waƙa ko ya yi jawabi ranar ba da kyaututtuka. Yaro ba zai ce muku rigar ta shaƙe shi ba, kunya za ta hana shi. In murya ta ƙi fita, kansa zai zarga, wataƙila ma ya daina tsayawa gaban jama'a har abada.

Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, rigar kuwa tana nan a akwatina. Bara wani ɗalibina ya zo yi mini sallama zai tafi gabatar da waƙa a wata liyafa, ya sha kwat da laktaye. Ban ce masa ya cire ba. Na ce ya matso, na zura yatsu biyu a wuyan taguwarsa, suka shiga. Na ce masa, "Je ka, Allah ya ba da sa'a."