Manhajar da ta iya jira

A ganina, duk wanda zai rubuta manhaja a Tudun Wada, abu na farko da ya kamata ya ƙware a kai shi ne jira. Yawancin darussan da muke kallo a YouTube an ɗauke su ne a inda mutum zai aika tambaya ga uwar garke, kafin ya ƙifta ido amsa ta iso. Mu kuwa mun san halin sabis ɗinmu: yanzu yana gudu, anjima ka nemi sanda ɗaya ka rasa.

Furojet ɗina na bana wata 'yar manhaja ce ta kemis ɗin kawuna. Shago biyu gare shi, ɗaya nan Tudun Wada, ɗaya a Sabon Gari, lissafin kayan kuma yana kan intanet. Kwamfutar shagon tsohuwa ce, buɗe burauza kaɗai sai ta fara nishi, don haka na zaɓi baƙin allon nan na rubutu zalla. Na yi aiki da Python da kuma Textual, wanda Will McGugan ya fara a 2021, mai ba ka maɓallai da jadawali da gurbin bincike duk a cikin baƙin allon.

Ga inda gizo ke saƙa. Irin wannan manhaja ma'aikaci ɗaya ne ke juya ta. Shi ke sauraron abin da ka danna, shi ke sake zana allo, shi ke amsa saƙonni. In ka aike shi intanet ta hanyar da aka fi koya mana, wato requests, zai tsaya ƙyam har amsa ta dawo. Allo ya daskare. Ka danna maɓallin fita, shiru. Kuma requests ba ya sa wa jira iyaka sai in kai ka sa masa, saboda haka in sabis ya ɗauke a tsakiya, yana iya yin tsaye har kwastoma ya gaji ya tsallaka kemis ɗin da ke kallonmu.

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da daddare ya riga ya ga maganin. Mutum ɗaya ne, amma in ya ɗora indomi ba ya tsayawa yana kallon tukunya. Zai yanka wa wannan burodi, ya kaɗa wa wancan ƙwai, kunnensa na wajen tafasa. Abin da asyncio ke yi ke nan. Ya shigo Python a 2014, kalmomin async da await suka biyo baya a 2015. Duk inda ka rubuta await, kamar ka ce wa ma'aikacin ne, "na ɗora tukunya, je ka sallami wasu." Sai dai dole mai ɗauko saƙon shi ma ya san wannan yaren, shi ya sa na koma httpx. Kuma a Textual await kaɗai bai isa ba in ka sa shi cikin aikin da ke amsa danna maɓalli, domin sauran saƙonnin za su yi layi a bayansa. Sai ka ɗora @work a kan aikin, ya zama ɗan aike mai zaman kansa.

To, da zarar ka sami 'yan aike da yawa, sai wata rigimar ta taso: ba sa dawowa bi da bi. A ce yaron shago ya rubuta "am", tambaya ta tafi. Ya ƙarasa "amoxicillin", wata ta bi ta. Ta biyun ta riga dawowa, allo ya nuna daidai, can sai ga amsar ta farko ta shigo a makare ta shafe ta da jerin da amlodipine ke samansa. Na farko na kashe ƙwayoyin cuta ne, na biyu na hawan jini. A kemis wannan ba abin dariya ba ne. Textual na da exclusive=True, wanda ke soke tsohon ɗan aike da zarar an tura sabo. Kalma ɗaya tal, amma ita na fi daɗewa ina gwadawa.

Abin da ya fi cin tunanina kuwa shi ne lokacin da jira ya ƙare ba amsa. Shi httpx daƙiƙa 5 yake bayarwa in ba ka canza ba. Amma rashin amsa ba ya nufin saƙo bai isa ba. Wa a cikinmu bai taɓa tsayawa gaban mai POS an ce bai yi ba, alhali an zare kuɗin? In tambayar ta karatu ce, kamar "kwali nawa ya rage", sake turawa ba komai. In kuwa umarni ne na a rage kwali goma, ka sake turawa a makance, ka rage ashirin, ƙarshen wata a zargi yaron shago da sata. Don haka kowane ciniki ina ba shi lambarsa ta musamman tun daga shago, uwar garke in ta ga lambar karo na biyu sai ta ce ta riga ta rubuta.

Da Kawu ya ga ɗan layin da ke cewa "ana jiran amsa, daƙiƙa 7", sai ya ce, "Kai, wannan ai tona asirin na'urar ne. Cire shi." Na ce, "Kawu, in babu shi yaro zai yi ta dannawa ne." Har yau ba mu daidaita ba, layin dai yana nan.

'Yan ajinmu masu shirin kare furojet, kada ku tsaya ga gwaji da uwar garken da ke cikin kwamfutarku, can amsa ba ta taɓa makara. Ku jona da datar wayarku, ku tura tambaya, ku kashe datar a tsakiya, sannan ku danna maɓallin fita ku ga ko zai amsa. Ni nakan yi nawa gwajin ne a lungun bayan shagon bayan isha'i, inda ko kira da ƙyar yake shiga.