Wane ne ɗan majalisar Harobanda?

A ƙarshen shekarar 1988, zamanin Janar Ali Saibu, gwamnati ta ja layi kewaye da babban birni. Jahar da ake kira jahar Yamai aka sake mata suna ta koma jahar Tilaberi, birnin kuwa aka ware shi ya tsaya da ƙafarsa. A lokacin kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci, tun da ƙasa tana shirin shiga mulkin jam'iyya guda, kuma inda babu takara, iyakar mazaɓa ba ta hana kowa barci. Sai bayan babban taron ƙasa na 1991 aka gane abin da wannan layi ya haifar. Ran 14 ga watan Fabrairu 1993, da aka zaɓi ƴan majalisa 83 na jamhuriya ta uku, Yamai ta shiga zaɓe a matsayin sabuwar mazaɓa mai zaman kanta, ta takwas bayan jahohi bakwai.

Waɗanda suka tsara dokar zaɓen sun yi tunani, a ba su haƙƙinsu. Sun lura cewa ƙananan al'ummomi za su nutse cikin manyan jahohi, saboda haka suka keɓe mazaɓu takwas na musamman, irin su Bilma, Teskar, Tasara, Barmo da Bankilare, kowace da kujera ɗaya. Makiyayin Barmo ya san sunan wakilinsa, ya san gidansu. Mu mutanen Yamai kuwa jerin sunaye aka ba mu: kowace jam'iyya ta kawo nata, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu a birnin baki ɗaya. Wato alamar jam'iyya muka riƙa zaɓe, ita kuma ta san wanda za ta zaunar.

Ni da wannan mazaɓa kusan tsara muke, a gaban idona ta girma har rigarta ta matse ta. A ƙidayar 1988 mutanen birnin ba su cika dubu 400 ba. A ta 2012 sun haura miliyan guda. Gundumomi uku suka koma biyar. Majalisa ta tashi daga kujeru 83 zuwa 113 a 2004, sannan 171 a 2016, Yamai ta samu goma daga ciki. An ƙara yawan kujeru, amma tsarin ya zauna yadda aka gada: mazaɓa guda daga Gudel har Saga, daga Bukoki har ƙetaren kogi.

Ban san nauyin wannan magana ba sosai sai a daminar 2020, lokacin da kogin Kwara ya ci ƙarfin madatsai ya shiga unguwannin Harobanda. Wata gwaggona da ke Lamorde ta wayi gari ɗakunanta biyu na ƙasa sun zube. Muka kwashe abin da ya saura muka kai wata makaranta inda aka tara jama'a. A nan, cikin tabarmi da tukwane, wani dattijo ɗan tireda ya tambaye ni, tun da ni ne mai aikin jarida: “Yaro, cikin goman nan wane ne namu?” Na lissafa masa waɗanda na tuna. Ya ce ai ba sunaye ya tambaya ba, ƙofar da zai ƙwanƙwasa yake nema. Daga bisani wajen mai unguwa suka nufa, mutumin da ba ya zaman majalisa, ba shi da ta cewa kan kasafin kuɗin ƙasa. Ran 27 ga Disamban wannan shekara aka sake zaɓe, motocin kamfe suka bi ta kan laka ɗin da bai gama bushewa ba.

Mai karatu, kada ka ɗauka maganar masu gidan ƙasa ce kaɗai. Ɗan kasuwar Katako da lanho ya yi wa yawa, ko ma'aikacin Talaje da ke ɓata awa guda kafin ya sami taksi, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Wakilin kowa, in an zo neman hakki, yakan zama wakilin ba kowa.

Ƴan uwanmu na Kano wata hanya suka bi. Can Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, kowace da ɗan majalisar tarayya nata, wanda ake iya tarewa a bakin masallaci. Ban ce tsarinsu ba shi da aibi ba. Wanda ke riƙe da alƙalamin shata iyaka yana iya cin zaɓe tun kafin a buga ƙuri'a, kuma a birni irin namu, inda Bazabarme da Bahaushe da Bafillace da Buzu ke shan ruwan famfo guda, yanka unguwanni barkatai yana iya tada abin da ke kwance. Ban da haka, Yamai ta saba juya wa mai mulki baya, kamar yadda aka gani a zagaye na biyu na Fabrairun 2021 da ta ba Mahamane Usmane rinjaye; duk gwamnatin da ta ce za ta taɓa iyakarta, dole a duba hannunta da kyau.

Yau babu zaɓaɓɓiyar majalisar da za a yi wa wannan ƙorafi. Sojoji sun dakatar da ita ran 26 ga Yuli 2023, an rusa jam'iyyu a watan Maris 2025. Amma ko ba daɗe ko ba jima za a zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, kuma a irin wannan zama ne ake yanke abin da za a yi shekara talatin ana fama da shi. A ganina ba sai an ƙirƙiro sabon layi ba. Gundumomi biyar suna nan, jama'a sun san iyakokinsu, can suke karɓar takardar haihuwa. A raba kujerun birnin a tsakaninsu gwargwadon yawan mutane, a bar rabon daidai-wa-daida cikin kowace. Ta biyar ma, wato Harobanda, kogi ya riga ya shata mata iyaka tun kafin a gina gadar Kennedy a 1970.