Mun Ziyarci Gonar Inabi a Kusa da Baitalami

Tun muna yara muke karanta labarin kurangar inabi a Littafi Mai Tsarki, muna kuma koya wa yara shi a makaranta, amma yawancinmu ba mu taɓa ganin kurangar da idonmu ba. Saboda haka da muka je ziyarar Ƙasa Mai Tsarki a farkon Oktoba na 1919 da ɗari, wato 2019, muka roƙi jagoranmu ya kai mu wata gonar inabi. Ya ce zai kai mu Cremisan.

Cremisan tana kan tudu a gefen garin Bait Jala, kamar kilomita 5 daga Baitalami. Ƙasar duwatsu ce farare. Manoma sun yanka gefen tudun hawa-hawa kamar matakala, sun tokare kowane hawa da jeren duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Wanda ya san gonakin mutanen dutse a wajen Gwoza zai gane dabarar nan da nan. Ruwan sama a can lokacin sanyi yake sauka, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Da zafi ko ɗigo babu, sai kurangar ta zura saiwa can ƙasa ta nemi laima.

Wani fada ɗan Italiya mai suna Antonio Belloni ne ya soma aikin. Yana riƙon marayu a Baitalami, har mutane suka sa masa suna da Larabci, wato uban marayu. A 1885 aka fara matse inabi a wurin, domin a sami ruwan inabi na Jibin Ubangiji, a sami abin ciyar da marayu, mutanen gari kuma su sami aiki. A 1891 'yan ƙungiyar Don Bosco ta Katolika suka zo suka haɗa hannu da shi, su ne kuwa suke riƙe da wurin.

A bakin ƙofa wani dattijo a cikinmu ya ja ya tsaya. Ya ce, "Malam, ashe gidan giya ka kawo mu?" Muka ce, "Baba, yi haƙuri. Gona muka zo gani." Maganarsa tana da nauyi. A ikilisiyarmu ba ma shan abin sa maye, mun kuwa ga gidajen da burukutu ya rusa, da yaran da suka bar makaranta don uba ya shanye kuɗin. Sai muka shirya cewa za mu shiga mu koya, ba wanda za a miƙa wa ƙoƙo sai in ya nema. 'Yan'uwanmu biyu 'yan Katolika suka ɗanɗana, mu muka tsaya ga 'ya'yan inabin. Ba wanda ya ga laifin wani.

Ma'aikacin da ya zaga da mu ya ce a da sun fi dogara ga irin inabin Turai. Daga 2008, da taimakon wani gwani ɗan Italiya, Riccardo Cotarella, suka mai da hankali ga irin ƙasarsu na gargajiya. Akwai Dabouki, fari mai manyan 'ya'ya da zaƙi, wanda ake ci ɗanye kuma. Akwai Hamdani da Jandali, farare su ma, ana haɗa su a kwalba ɗaya. Sai Baladi, baƙi, wanda ake yin jan ruwan inabi da shi. Idan fari ake so, sai a matse a raba ruwan da ɓawo. Idan ja ne, a bar ruwan ya tsima tare da ɓawon, daga nan launin yake fitowa. Yisti ne yake cinye zaƙin ya mai da shi barasa.

Ya ce kowane iri da abincin da ya dace da shi. Dabouki ba shi da nauyi, ana kawo shi da kifi, ko ɗanyen ganye, ko hummus, wato niƙaƙƙen wake da riɗi. Hamdani da Jandali suna tafiya da musakhan, kaza ce da aka gasa da albasa mai yawa da man zaitun a kan gurasa, da wani jan gari mai tsami kamar yakuwa. Baladi kuwa sai da naman rago, ko makaluba, shinkafa da nama da gauta da ake kife tukunyarsu a faranti.

Uwayen gida, ga abin da ya fi burge matan da ke cikinmu. A ƙasar nan ba a zubar da kome na inabi. Ana naɗe shinkafa da nama a ɗanyen ganyensa a dafa. Ana shanya 'ya'yan su zama zabibi. Ana dafa ruwan har ya yi kauri kamar maɗi, a gauraya da niƙaƙƙen riɗi a ci da gurasa da sanyi. Dattijon nan namu ya ci har ya nemi ƙari.

A gonar muka ga yadda ake datse rassa. Kowace shekara da sanyi manomi yakan sare yawancin rassan bara, ya bar kaɗan, don ƙarfin itacen ya tafi ga 'ya'ya. Muka zauna a kan duwatsu muka karanta Yahaya sura 15. Mun sha koyar da wannan sura, amma ran nan muka gane cewa reshen da ake ƙauna shi ma yana shan wuƙa.

Sai dai kwarin yana cikin baƙin ciki. A 2015 kotun Isra'ila ta yarda a gina katangar tsaro ta wannan yanki, aka tumɓuke tsofaffin itatuwan zaitun, abin ya taɓa gonakin iyalai 58 na Bait Jala. Da yaƙi ya ɓarke a Oktoba na 2023, baƙi suka daina zuwa, har Baitalami ta yi Kirsimetin shekarar ba tare da biki ba. Kirista da yawa sun bar ƙasar don neman abinci. Duk da haka, a Cremisan mun ga Kirista da Musulmi suna aiki tare, abin da aka samu kuma yana taimakon makarantu da matalauta. Wannan ya sa mu tunanin garuruwanmu.

Mun komo da kwalbar man zaitun da zabibi kaɗan, muka raba wa yaran ajinmu ɗaya-ɗaya. Ya ku masu karatu, idan kun taru don addu'ar iyali a wannan wata, ku tuna da 'yan'uwanmu na Bait Jala da Baitalami. Ku roƙi Ubangiji ya ba ƙasar salama, ya bar su su ci amfanin gonakinsu.