Giwa da Mai Gona a Bakin Yankari

A ƙasar Bauchi, wajen Alkaleri, akwai wani babban daji da ake kira Yankari. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi domin namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,000, Kogin Gaji kuwa ya ratsa ta cikinsa. A nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Nijeriya yake, an kuwa ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba.

Baƙon da ya zo daga birni, in ya yi sa'ar ganin giwa, sai ya koma gida yana ba da labari. Amma manomin da gonarsa ke bakin dajin, shi ba ya addu'ar ganinta. Da rani hankalinsa a kwance yake, gama giwaye suna can kusa da Gaji saboda ruwa. Da damina ta zauna, ruwa ya samu ko'ina, sai su bazu har su ƙetare iyaka. Iyakar nan kuwa a takarda aka zana ta, giwa ko ba ta taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci ba, balle ta karanta.

To, ga mutum ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, dawa ta fid da kai, har ya fara gyaran rumbu. Rannan da asuba ya tafi gona, ya iske kara a kwance, ga sawu kamar gindin turmi. Babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 a yini, abin da take tattakewa kuwa ya fi wanda take ci. Wanda duk ya ce wa mutumin nan ya yi haƙuri kawai, bai san zafin rumbu wofi ba.

Cikin wannan ɓacin rai ne wani yakan ɗauki bindiga, ko ya nuna wa masu neman haure hanya. Wannan kuwa ba magani ba ne. Ban da hanin doka, giwar da aka yi wa rauni ba ta mutu ba ta fi kowace haɗari. Sa'an nan tsohuwar giwa ita ce ke jan garke, ita ta san hanya da mashaya. In aka kashe ta, sauran sai su ruɗe. Ga shi kuma giwa sai ta yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda, don haka garken da ya ragu ba ya saurin komawa.

Ashe maganin ƙaton nan yana wurin ƙaramin abu. A ƙasar Kenya masu bincike suka lura giwaye ba sa son taɓa itacen da aka rataya wa amya, suka wallafa wannan a 2002. Fatar giwa da kauri, amma ƙudan zuma ya san inda zai nufa: cikin hanci, da gefen ido, da bayan kunne. Daga nan wata malama, Lucy King, ta ƙago shingen amya. A kafa dirkoki kewaye da gona, a rataya amya kowane taku 10 ko fiye kaɗan, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar cikin dare, amyoyi su girgiza, ƙuda ya tashi, ita kuwa ta juya. A ƙauyukan da ke kusa da dajin Tsavo aka ga cikin giwaye 10 da suka nufo gona, wajen 8 sun koma ba su shiga ba. Mai gona kuma ya sami zuma ya sayar.

Barkono ma yana aiki. A Zambiya da Zimbabuwe akan daka shi a kwaɓa da kashin giwa, a shanya kamar tubali, a riƙa ƙonawa da dare. Hancin giwa ba ya jimre wa hayaƙin. A Yankari kuwa, inda ƙungiyar WCS ta shiga aiki tare da Gwamnatin Bauchi a 2014, an sa wa waɗansu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa sa ido, su kai labari da wuri kafin garke ya iso.

Kada dai a zaci an gama. Hayaƙin barkono yana bin iska, in ta juya sai ya koma kan mai gadi. Ƙuda kuma yakan gudu ya bar amya in fari ya yi tsanani, kamar yadda ya faru a Kenya a 2017, amyar da ba ƙuda kuwa giwa ba ta daɗewa take gane ta. Akwai kuma wani abin da ya fi waɗannan wuya. In mutum ɗaya ya kewaye gonarsa, giwa ba daji take komawa ba, gonar maƙwabcinsa take faɗawa, gobe a tashi da gaba tsakanin gida biyu. Shi ya sa mai unguwa yakan tara magidanta tun kafin shuka, a yanke gefen da za a fara kafa dirkoki, da wanda zai kwana a kan rumfa daren farko.