Ruwanda: Ƙasar da wake ke hawa sanda

Wanda ya tashi a ƙasar Maradi ko ta Damagaram, inda mutum kan tsaya a bakin gonarsa ya hango raƙumi tun yana can nesa kamar ƙuda, idan ya sauka a Ruwanda abin da zai fara nema ya rasa shi ne fili. Duk inda ka juya tudu ne, bayan tudun kwari, bayan kwarin wani tudun. Ba banza ake yi mata kirari da ƙasa mai tuddai dubu ba. Faɗinta duka murabba'in kilomita 26,338 ne, wato za a iya zuba irinta kusan 48 a cikin Nijar, amma ƙidayar shekarar 2022 ta sami mutane fiye da miliyan 13 a cikinta. A kowane murabba'in kilomita ke nan akwai rai sama da 500. Galibin magidanta gonarsu ba ta kai hekta ɗaya ba, da yawa ma ko rabin hekta ba su da shi. Tun da na ji wannan lissafi nake tambayar kaina: da me waɗannan mutane suke cika tukunya?

Amsar farko na same ta a kasuwar Kimironko, cikin birnin Kigali. Na shiga layin masu hatsi, na tarar da wake tuli-tuli, launi ya fi goma: ja wur, ja mai ɗigon fari, rawaya, baƙi, ruwan ƙasa, da wani gauraye wanda aka haɗa kowane iri a buhu guda. Ya kamata ƴan kasuwarmu su lura, wannan ba waken da muke lodawa zuwa kudu ba ne. Namu ɗan asalin Afirka ne, yana son zafi, yana jure wa ƙarancin ruwa. Nasu, wanda Faransawa ke kira hariko, su kuma suke kira ibishyimbo, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawa suka kawo shi Afirka ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma sanyin tudu yake so. A Ruwanda shi ne naman talaka. Ana dafa shi da dankali, da ayaba, da rogo, rana da dare, har ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa cin wake a duniya idan aka raba bisa yawan jama'a.

Washegari, cikin watan Nuwamba, na shiga mota a tashar Nyabugogo na nufi arewa, zuwa Musanze, garin da a da ake kira Ruhengeri. Tafiyar ba ta wuce kilomita 100 ba, amma ta ci awa biyu da wani abu, domin hanyar murɗe-murɗe take yi kamar maciji, ta hau, ta gangara, ta sake hawa. Kigali tana kan tsayin mita kusan 1,500 daga teku, Musanze kuwa ta haura 1,800, ga dutsen Karisimbi mai mita 4,507 yana leƙo ta ta cikin hazo. Tun muna rabin hanya na fara ganin wani abu da ya ɗaure mini kai. Gefen tuddan, waɗanda aka yanka hawa-hawa kamar matakalar soro don kada ruwa ya kwashe ƙasa, cike yake da sanduna a tsaye, dubbai a kan dubbai, kamar an kafa māsu. Kowace sanda kuma kore ya nannaɗe ta tun daga gindi har kai. Na tambayi wani malamin gona da muka zauna kujera ɗaya, wanda ke jin Faransanci, sai ya yi dariya ya ce ai wake ne.

Ga yadda lissafin yake. Wake iri biyu ne a wannan ƙasa. Akwai gajere, wanda ba ya wuce gwiwar mutum, ya nuna cikin kamar wata uku. Akwai kuma mai hawa sanda, wanda kan zarce mita biyu, yana fure yana zuba kwasfa tun daga ƙasa har sama, amma sai ya ɗauki wata huɗu ko biyar. A fili ɗaya, idan ƙasa tana da ƙarfi, mai hawan kan ba da ninki biyu ko uku na abin da gajeren ke bayarwa. Wato mutanen da suka rasa wurin faɗaɗa gona ta gabas ko ta yamma, sai suka faɗaɗa ta zuwa sama. Ga shi kuma damina biyu suke da ita a shekara, ɗaya daga Satumba zuwa Janairu, ɗaya daga Fabrairu zuwa Yuni.

Da na ji haka sai na ce to ai magana ta ƙare: a nemo irin da ya fi kowane yawan amfani, a raba wa kowa, a huta. Malamin gonan bai yi mini musu ba. Cewa ya yi in bi shi gobe zuwa gundumar Burera.

Mun hau kabu-kabu, muka bar kwalta, muka yi ta hawa har tabkin Burera da na Ruhondo suka koma ƙarƙashinmu kamar faranti biyu na azurfa. Sanyi ya sa na yafa bargo da rana tsaka. A nan muka sami wata dattijuwa a gonarta, wadda ba ta fi filin masussuka uku ba, tana gyara sandunan da iska ta karkatar. Bayan an gaisa, malamin ya roƙe ta ta nuna mini irinta. Ta shiga ɗaka ta fito da kwando, ta baje ƙwayoyin a tafin hannu, ta shiga ware su ɗaya-ɗaya, shi kuma yana fassara mini.

Wannan, in ji ta, shi ya fi cika buhu, amma yana son taki, kuma nauyinsa sai sanda mai ƙarfi. Wannan ba ya kai shi yawa, amma ko ruwa ya yi yawa ba ya baƙin tabo a kwasfa. Wannan shi take shukawa a gindin ayaba, domin yana haƙuri da inuwa. Wannan gajere ne, yana riga sauran nuna, shi ke tsare gida a makonnin da rumbu ya yi ƙasa. Wancan kuma ganyensa ya fi daɗi a miya. Sai ta ɗauki wata ƙwaya ta jefar gefe, ta ce wani shekara an ba ta ita, ta yi amfani ƙwarai, amma ba ta sake shuka ta ba. Dalili kuwa, sai an ƙona itace mai yawa kafin ta dahu, ita kuma a tudun nan itace da sandar wake abu ɗaya ne: wanda ka sa a murhu, ka rasa shi a gona.

Wannan magana ta sanda ita ce ƙashin bayan al'amarin. Hekta ɗaya ta wake mai hawa tana cin sanduna dubbai masu yawa, kowace ta kai mita biyu, kuma bayan damina kaɗan gara da ruwa sun cinye su. Shi ya sa za ka ga an dasa itacen turare da wasu itatuwa masu saurin girma, da doguwar ciyawa mai kara, a bakin kowace matakala. Suna riƙe ƙasa, suna ciyar da saniya, suna ba da sanda. Wanda ba shi da su sai ya saya, kuma sau da yawa kuɗin sanda ne ke hana talaka shuka irin da ya san ya fi riba. Ashe yawan amfanin da ake rubutawa a takarda daban, wanda ke isa bakin yara daban.

Don in ji mafarin wannan aiki, sai da na koma Kigali na kama hanyar kudu zuwa Rubona, kafin a isa Huye, wato tsohon Butare. A nan ne babbar gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta ƙasar, wadda a da ake kira ISAR, daga baya aka haɗe ta cikin hukumar RAB. Mutanen arewa maso yamma sun daɗe da sanin wake mai hawa, amma sauran ƙasar gajere ta saba da shi. A shekarun 1980 ISAR ta haɗa kai da CIAT, wata cibiyar duniya da ke kusa da birnin Kali na Kolombiya, mai ajiye da irin wake fiye da 30,000 a rumbunta. Aka yi ta kawo iri ana gwadawa a wurare masu bambancin tsayi: Karama mai zafi da ƙarancin ruwa, Rubona a tsakiya, da Rwerere can sama da mita 2,000. Cikin waɗanda suka yi suna akwai wani jan wake ɗan asalin Meziko da aka raɗa wa suna Umubano, wato zaman lafiya da maƙwabta, da wani mai suna Vuninkingi, wato karya-sanda, saboda nauyin ƴaƴansa. Umubano ya bazu kamar wutar daji har ƙasashen maƙwabta. Amma daga baya wata cuta da ke cikin ƙasa, mai shiga ta saiwa ta busar da shuka, ta kama shi a wurare da dama, manoma suka koma ga waɗansu irin. Da a ce shi kaɗai aka bari a hannun jama'a, da an ji jiki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin Rubona shi ne abin da ya faru daga shekarar 1988. Masu bincike, cikinsu har da wata Ba'amurkiya mai nazarin zaman jama'a, Louise Sperling, sun lura cewa a Ruwanda mata ne ke zaɓen irin wake, su ke shuka shi, su ke dafa shi, kuma a kowane tudu akwai matan da kowa ya sani da gwaninta a kansa. Sai aka gayyato waɗannan gwanaye cikin gonakin gwaji, tun kafin a yanke hukunci a kan kowane iri, aka ce su zaga su duba, kowace ta zaɓi biyu ko uku ta kai gida ta gwada. Da aka auna sakamako, irin da masu bincike suka zaɓa su kaɗai ya kan fi gaurayen manomi amfani a kamar rabin gwaje-gwajen ne kawai, alhali wanda matan suka zaɓa ya fi shi a sama da kashi 60 cikin 100, kuma da tazara mafi girma. Ba wai matan sun fi masu digiri sanin kimiyya ba ne. Mai bincike yana neman iri ɗaya da zai yi daidai-daidai a ko'ina, ita kuwa tana neman wanda zai yi kyau a gefen tudunta, a jar ƙasarta, a ƙarƙashin ayabarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai masifar shekarar 1994 ta zo, aka yi wa Tutsi kisan ƙare dangi daga Afrilu zuwa Yuli, gonakin gwaji suka lalace, ma'aikata da yawa aka kashe su ko suka gudu. Cibiyoyin duniya suka kafa wani shiri na gaggawa don mayar wa ƙasar irinta daga rumbunan waje, domin ana tsoron ya salwanta. Da ƙura ta lafa aka bincika, sai aka tarar yawancin irin waken na nan a ƙananan kasuwanni da kwandunan mata. Abin da ya fi damun mutane shi ne rashin kuɗin sayensa. Wannan gauraye da baƙo zai gani ya ɗauka rashin tsari ne, shi ya tsallakar da dukiyar ƙasa.

Aiki bai tsaya ba. A 2010 da 2012 an fitar da sababbin iri masu yawan sinadarin ƙarfe, don yaƙi da ƙarancin jini a jikin mata da yara, da yawansu kuma masu hawa sanda ne. Ƙawancen binciken wake na Afirka, PABRA, wanda aka kafa a 1996, ya karɓi kyautar abinci ta Afirka a 2023. Amma akwai ja-in-ja da na gani da idona. Tun 2007 gwamnati ta ɓullo da tsarin haɗa ƙananan gonaki a shuka abu ɗaya a yanki ɗaya. Ɗan kasuwa ma launi ɗaya yake so a buhu, domin shi ke da farashi a birni da ƙetaren iyaka. Dukansu suna da hujja. Sai dai dattijuwar nan ta Burera ta raba gardamar a gonarta: babban ɓangare ta ba iri ɗaya na sayarwa, wani lungu kuma ta bar wa gaurayenta, ta ce wannan ba na kasuwa ba ne, na baƙar shekara ne.

Ba na kawo wannan labari don in ce a kafa sanduna a Dakoro ko Tanut ba, domin waken tudu ba zai sha zafinmu ba. Amma mu ma muna da cibiyar INRAN da gonar gwajinta ta Tarna, muna da ma'aikata masu rubuta rahoton iri, da attajirai masu sayen buhu ɗari-ɗari su raba wa manoma bashi. Kafin a sa hannu a takarda cewa iri kaza ya fi, yana da kyau a tambaya: ya fi a gonar wa, da wane taki, kuma wa ya ɗanɗana shi a tukunya?

Ranar da zan baro Burera, dattijuwar ta ƙulla mini ƙwayoyi kaɗan a ganyen ayaba. Na ƙirga su a cikin mota, launi bakwai ne. Malamin gonan ya san sunan huɗu. Sauran ukun, in ji shi, sai dai in koma in tambaye ta.