Ghana a kwana goma: yadda muka tsara zango-zango da yara uku

'Yar'uwa, idan Allah ya hore muku halin fita yawon buɗe ido da iyali, kafin ki fara jera sunayen garuruwa ki yi wa kanki tambayar da mu ma'aikatan jinya muke yi duk safiya idan mun karɓi aiki: wa ya fi rauni a nan? A gidanmu amsar ita ce autarmu mai shekara uku, sai kuma ni da zan goya ta idan ta gaji. Da ƙarfin wannan yarinya muka auna tafiyarmu ta Ghana, ni da maigida da yara uku. Kuɗin kuwa na adashen wata da watanni ne, ba mu da na zubarwa.

Mun zaɓi Ghana ne saboda sauƙinta. Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza, yana iya zama har kwana 90. Daga Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ne a jirgi. Ta mota kuwa sai kun ratsa Benin da Togo, kun tsaya a kan iyaka sau uku, kuma da ƙananan yara wannan kaɗai ya isa ya cinye kwana guda da haƙurin kowa. Ga shi ba za ki rasa mai jin Hausa ba. Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja kakanninmu suka kafa zanguna a can, har yau kuma a Nima da Sabon Zango na Accra da zangon Kumasi Hausa ake ciniki da ita.

A taswira Ghana ƙarama ce, abin da ke ruɗin mai tsari ke nan. Maigida ya zo da jerin wurare shida: Accra, Cape Coast, Kumasi, Tamale, gandun dajin Mole, da Salaga. Ban yi musu ba, sai na ce mu rubuta awannin hanya a gefen kowane suna. Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, awa uku, ko fiye idan cunkoson Kasoa ya kama ku. Cape Coast zuwa Kumasi awa huɗu zuwa biyar. Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380, yini guda ke nan. Tamale zuwa Mole kuma wasu awa biyu zuwa uku. Da muka tara, sai ga shi kusan rabin hutun a kujerar mota zai ƙare. Shi da kansa ya ɗauki biro ya soke uku.

Ƙa'idar da muka tsaya a kai ita ce kwana uku a kowane zango. Ranar isowa ta hutu ce, ba a zuwa ko'ina. Sauran kwanakin kuma wuri ɗaya babba a rana, a fita da sassafe a dawo kafin azahar, yara su yi barcin rana. Ke kin san wahalar sauya masauki: haɗa jaka, neman takalmin da ya ɓace, kayan da ba su bushe ba, abincin hanya. Duk ƙarin zango ƙarin aiki ne a kanki, alhali ke ma hutun kika zo yi.

Kwana ukun farko a Accra muka yi. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkiyya ta taimaka aka gina, aka buɗe a 2021. Washegari muka kai yara wurin da aka binne Kwame Nkrumah, jagoran da ya karɓi 'yancin ƙasar a 1957. Abinci bai ba mu wahala ba. Da safe akwai koko da ƙosai a bakin titi, da rana ga shinkafa da waken da suke kira wace, a wurin mutanen arewacinsu kuma ga tuwon zafi. Idan kina shakkar nama, ki nufi unguwannin zango.

Zango na biyu Cape Coast. Nan ne zan roƙe ki ki shirya zukatan yara kafin ku isa. Gidan Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, wurare ne da aka tsare bayi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kafin a loda su a jiragen ruwa. Ɗakunan akwai duhu da zafi da ƙarancin iska. Babbanmu mai shekara 11 ya shiga tare da babansa, ya fito da tambayoyin da muka kwana muna amsawa, har da ta inda aka kamo mutanen, muka gaya masa gaskiya cewa da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin ta Salaga. Ni da ƙananan a farfajiya muka tsaya. Ɗaya daga cikin gidajen biyu ya isa a rana.

Dajin Kakum yana kusan kilomita 30 daga Cape Coast. Akwai gadojin igiya guda bakwai da aka ɗaura a tsakanin manyan bishiyoyi, wani wurin tsayinsu daga ƙasa ya haura mita 30, suna kuma lilo idan ana tafiya. Kafin a kai gare su sai an hau tudu. Mai juna biyu, mai hawan jini da bai daidaita ba, da mai jiri, su zauna a ƙasa, babu abin kunya. Tekun yankin kuma yana da igiyar ruwa mai ja, yara su tsaya a yashi hannunsu cikin naki.

Kumasi ce zango na uku: gidan tarihin fadar Manhyia ta sarkin Asante rana ɗaya, kasuwar Kejetia rana ɗaya. Kejetia tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, don haka na rubuta lambar wayarmu da sunan masauki a takarda na sa wa kowane yaro a aljihu. Daga nan muka koma Accra, kusan kilomita 250, muka kwana ɗaya kafin ranar tashi. Kada ki taɓa haɗa doguwar tafiyar mota da jirgi a rana guda.

Idan zuciyarki na kan giwayen Mole da tsohon masallacin Larabanga da ke kusa da shi, ki cire Kumasi, ku hau jirgi daga Accra zuwa Tamale, kusan awa ɗaya. Ki kuma duba lokaci. Damina biyu ake yi a kudu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewa damina ɗaya ce kamar tamu. Hutun Agusta ya dace da bakin teku, hutun Disamba ya fi dacewa da Mole, don da rani dabbobi ke taruwa a bakin ruwa. Sai dai a Disamba masauki a Accra yana tsada.

Yanzu maganar aikina. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga duk wanda ya kai wata tara, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, don haka kada a bari sai satin tafiya. Ki ɗauki gidan sauro, ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara, gishirin ORS da ƙwayar zinc. Gudawa ita ce ta fi kwantar da yara a hanya, kuma ƙarewar ruwan jiki ce haɗarinta. Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a ba da magani. Kada yara su yi wanka a tafki ko kogi saboda tsargiya. Mai shan maganin kullum, na sikila ko asma ko suga, a ɗaukar masa na kwanakin tafiya da ƙarin mako guda, a jakar hannu. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce. A kowane zango ki tambayi asibiti mafi kusa tun ranar da kuka sauka.

A kasafin kuɗi ki ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai rashin lafiya ko ɓacin mota, ki sa tsaraba a ƙarshen lissafi. Ki kuma bar rana ɗaya da ba a rubuta komai a kanta ba. Tamu a Cape Coast ta faɗo, autar ta tashi da mura, muka yini a masauki, kuma babu abin da ya rushe a tsarin.

Salaga da Mole suna nan a takardarmu, mun ajiye su sai autar ta iya tafiyar awa guda da ƙafarta. Allah ya hore mana, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.