Green Bay: Ƙaramin garin da ke gogayya da manyan birane a ƙwallon Amurka

Mu huɗu ne muka tashi daga Madison, babban birnin jihar Wiskonsin ta Amurka inda muke karatu, da sanyin safiyar wata rana a watan Agustan 2024. Tafiyar ta ci mana kimanin awa biyu da rabi a mota, ta cikin gonakin masara da garken shanun tatsa, domin jihar ta shahara da madara da cuku. Inda muka nufa shi ne Green Bay, wani gari a bakin tafkin Mishigan, wanda mutanensa suka ɗan haura dubu 107 a ƙidayar 2020. Yawancin ƙananan hukumomin cikin birnin Kano sun fi shi jama'a. Amma a wannan garin akwai filin wasa mai ɗaukar mutum sama da dubu 81, kuma ƙungiyar garin mai suna Packers ta ci kofin ƙasa sau 13, fiye da kowace ƙungiya a gasar NFL.

Ga ɗalibin da bai san wasan ba, ƙwallon Amurka ba irin tamu ba ce. Ta fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta ana jifa, 'yan wasa kuma suna sanye da hular kwano saboda karo. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 17 kafin zagayen fitar da gwani. Mu da muka tashi muna musu a kan Real Madrid da Manchester United, abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda ƙaramin gari irin wannan yake iya riƙe manyan 'yan wasa, alhali ga ƙungiyoyin New York da Los Angeles da Dallas. A Turai mun saba ganin mai kuɗi ya kwashe gwanaye ya bar sauran da kallo.

Da muka shiga titin Lombardi sai ga filin Lambeau ya bayyana a tsakiyar unguwa, gidajen mutane na kewaye da shi. A ranar wasa masu gidajen kan ba da hayar farfajiyarsu a ajiye motoci. A ƙofar shiga akwai manyan gumaka biyu na tagulla: na Curly Lambeau, wanda ya kafa ƙungiyar a 1919 da taimakon wani kamfanin gwangwanin nama da yake wa aiki, da na Vince Lombardi, kocin da ya jagorance ta daga 1959 zuwa 1967. An buɗe filin a 1957, kuma har yau mafi yawan wuraren zamansa dogayen bencina ne na ƙarfe. A nan aka buga wasan ranar 31 ga Disamban 1967 da Dallas Cowboys, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifili.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai mun gan shi ne a wajen filin. Lokacin atisayen share fagen kaka ne, kuma akwai wata al'ada da ta haura shekara sittin. Yara kan yi layi da kekunansu a bakin ƙofar da 'yan wasa ke fitowa. Kowane ɗan wasa sai ya zaɓi yaro ɗaya, ya hau kekensa zuwa filin atisaye da ke tsallaken titin Oneida, yaron yana biye da gudu riƙe da hular kwanon. Sai ka ga ƙato mai nauyin kilo 140 a kan keken 'yar shekara bakwai, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa. Muka yi ta dariya. Wani yaro da ke kusa da mu, wanda bai wuce shekara goma ba, ya ce mana tun farkon atisaye mutum ɗaya ne yake hawa kekensa, wani sabon ɗan wasa da bai yi suna ba. Mahaifinsa ya karkato ya faɗa mana a hankali cewa bai san yadda zai yi wa yaron bayani ba idan ƙarshen wata ya zo.

Daga baya muka gane abin da yake nufi. A lokacin atisaye kowace ƙungiya tana da damar tara 'yan wasa 90. Kafin a fara kaka dole ta rage su zuwa 53. A shekarar, ranar 27 ga Agusta ce wa'adin. Ke nan mutum 37 cikin waɗanda muka gani a kan kekuna za a sallama a yini ɗaya. Wasu 16 za a dawo da su rukunin masu atisaye kawai, a kan ƙaramin albashin mako. Akwai ƙarin gurbi ɗaya na ɗan wasan ƙasar waje, wanda ta hanyarsa ne ɗan Nijeriya Kenneth Odumegwu ya zo Green Bay a 2023. Sauran kuwa sai su kwashe kayansu.

A cikin gidan tarihin ƙungiyar, kusa da kofunan Super Bowl huɗu da ta ci, muka haɗu da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kamfanin takarda. Da alfahari ya ce mana shi ma yana cikin masu ƙungiyar. Mun ɗauka wasa yake yi. Ashe Packers ce kaɗai a gasar da ba ta wani attajiri ba ce. Tun 1923 jama'a ne ke da ita. Sau shida ana sayar da hannun jari, a 1923 da 1935 da 1950 da 1997 da 2011 da 2021, kuma a na ƙarshe dala 300 aka sayar da kowane ɗaya. Masu hannun jarin sun haura rabin miliyan. Ba a raba musu ko sisi na riba. Abin da suke da shi shi ne takardar shaida da suke ratayewa a falo, da ƙuri'a a taron shekara-shekara da ake yi a cikin filin a watan Yuli.

Muka tambaye shi, to idan babu attajirin da zai zuba kuɗi, da me ake biyan gwanaye? Ya zaunar da mu, ya ɗauki takardar goge hannu ya fara zane a kai.

Abu na farko, kuɗin da gidajen talabijin ke biya don nuna wasanni ana raba shi ne daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32. Da yake Packers ta jama'a ce, ita kaɗai take bayyana lissafinta, kuma a rahoton 2024 rabonta ya ɗan haura dala miliyan 400, daidai da na Dallas ko New York. Abu na biyu shi ne iyakar albashi. Kowace shekara gasar tana tsayar da adadin da babu ƙungiyar da za ta wuce wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya. Ana fitar da adadin ne daga kuɗin shigar gasar, inda 'yan wasa ke da kusan kashi 48 cikin 100. Da aka fara a 1994, dala miliyan 34.6 ce. A 2020 ta kai miliyan 198.2, sai annobar korona ta hana 'yan kallo shiga, ta faɗo zuwa miliyan 182.5 a 2021. A 2024 ta zama miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Komai arzikin mai ƙungiya, ba shi da ikon ƙara ko dala ɗaya a kai.

Ɗaya daga cikinmu, wanda ke karanta akanta, ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi, a raba miliyan 255 gida 53, kowa ya tashi da kusan miliyan biyar. Dattijon ya yi murmushi. Ya ce makonni kaɗan kafin zuwanmu ƙungiyar ta ba Jordan Love, madugun da ke jefa ƙwallo, kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 220, wato miliyan 55 a shekara. Ƙaramin albashin sabon ɗan wasa a lokacin dala dubu 795 ne. Duk abin da aka ƙara wa mutum ɗaya, a jikin wasu za a cire shi.

A nan ne dabarar lissafi take shigowa. An ba Love dala miliyan 75 a matsayin kafin alƙalami. Kuɗin ya shiga hannunsa tun a farko, amma a littafin gasar doka ta yarda a rarraba shi a kan shekarun kwantiragi, har zuwa biyar. Ke nan miliyan 15 kawai ake rubutawa a kowace shekara. Hakan yana ba ƙungiya sarari a bana, sai dai bashi ne, kuma bashi hanji ne. Idan aka sallami ɗan wasan ko aka sayar da shi kafin lokaci, ragowar da ba a rubuta ba sai ta faɗo wa ƙungiyar, alhali mutumin ya tafi. Amurkawa suna kiransa mataccen kuɗi.

Mutanen Green Bay sun ɗanɗana wannan. Aaron Rodgers ya shekara 18 a garin, sau huɗu yana zama gwarzon gasar. An yi ta tura kuɗinsa gaba don a riƙe masa abokan wasa. Da aka miƙa shi ga New York Jets a watan Afrilun 2023, ya bar wa Packers mataccen kuɗi na kusan dala miliyan 40 cikin miliyan 224.8 na shekarar. Fiye da kashi ɗaya cikin shida na kasafin ya tafi a kan mutumin da ke sanye da rigar wata ƙungiya. Denver Broncos ta fi shan wuya, domin sallamar Russell Wilson a 2024 ta bar mata miliyan 85.

Abin da ya ceci Packers shi ne zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ake yi kowane Afrilu. Zagaye bakwai ne, kuma ƙungiyar da ta fi rashin kataɓus a kakar da ta wuce ita take fara zaɓe. Tun yarjejeniyar 2011 albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake na shekara huɗu, don haka matashi mai hazaƙa yana da arha. Babban manaja Brian Gutekunst ya zaɓi Love a 2020, a lamba ta 26, lokacin da Rodgers ke kan ganiyarsa, magoya baya suka yi ta zaginsa. Love ya shekara uku a benci yana koyo, kamar yadda Rodgers ya yi a bayan Brett Favre daga 2005. A 2023 Packers ta fito da 'yan wasa mafi ƙarancin shekaru a gasar, ta ci wasa 9 ta faɗi 8, sannan ta je har gida ta doke Dallas da ci 48 da 32 a watan Janairun 2024.

Wannan tsarin ba ya duba fuskar kowa. Aaron Jones, ɗan wasan da garin ke matuƙar ƙauna, ya yarda an rage masa albashi a 2023. A watan Maris na 2024 aka sallame shi bayan shekara bakwai, aka ɗauko Josh Jacobs da bai kai shi shekaru ba. Jones ya koma Minnesota Vikings, abokan hamayyarsu. Dattijon ya ce jikarsa har yanzu tana sa riga mai lambarsa. Ya ce shi kansa ya ji zafin abin, amma da shi ne a kujerar da wuya ya yi daban.

Muka fito muka sami inuwa a gefen wurin ajiye motoci muka yi sallar azahar, sannan muka sayi soyayyen cuku, wanda ya tuna mana da awara. Musu ya kaure a tsakaninmu. Ɗaya ya ce wannan ai zalunci ne, masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun tsayar da farashin gumin wasu, ga shi matsakaicin ɗan wasa ba ya wuce shekara uku da 'yan kai a gasar, kuma da yawa suna fita da ciwon gwiwa ko na kai. Mai karanta akanta ya ce ƙungiyar 'yan wasan ce da kanta ta sa hannu a yarjejeniyar, kuma akwai ƙa'idar da ta tilasta wa kowace ƙungiya ta kashe mafi yawan kasafin, ba ta ƙulle a asusu ba. Na uku ya ce da babu iyakar, da tuni Green Bay ta zama tarihi, kamar ƙungiyoyin ƙananan garuruwa irin su Canton da Akron da suka ɓace tun shekarun 1920. Har muka kama hanya babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Abu ɗaya muka yarda a kai. Da yawa daga cikin ƙannenmu idan aka ce harkar ƙwallo, fili kawai suke hangowa. A Green Bay akwai wani mutum mai suna Russ Ball, wanda ba ya taɓa ƙwallo, amma shi ke riƙe da lissafin kwantiragi, kuma duk ɗan wasan da za a ɗauka ko a sallama sai maganar ta bi ta teburinsa. Akwai lauyoyi, akwai likitoci, akwai masu yawo jami'o'i suna farautar hazaƙa. Ɗalibin da ke gudun darasin lissafi don ya je fili, ya sani cewa a wannan wasan mai lissafi ne yake daɗewa a aiki.

Ranar 27 ga Agusta da yamma muka taru a ɗakin ɗayanmu muna duba jerin sunaye a waya. An sallami Anders Carlson, mai bugun da aka zaɓa a 2023, wanda ya ɓarar da bugu a wasan da San Francisco ta fitar da su. Muka nemi lambar rigar ɗan wasan da ke hawa keken yaron nan. Ba ta cikin 53. Washegari muka sake dubawa a jerin masu atisaye, nan ma babu.